Darasin Wata Don Ƙungiyoyin Manoma: Kafin Ka Hau, Wa Ke Tuƙi?

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a ƙasar Zango, da na Baure, da Sandamu, da Mai'aduwa, da Daura: Amfani ya shiga rumbu, yanzu kuma lokacin tafiye-tafiye ya zo. Wani zai kai riɗi da wake Dawanau, wani zai kai ɗan bijiminsa kasuwar Mai'aduwa ko Maigatari, samari kuwa sun fara ɗaure kaya za su cin rani. Saboda haka darasin wannan wata ba na taki ba ne, ba kuma na maganin ƙwari ba. Darasi ne a kan mutumin da muke miƙa wa ranmu duk sa'ad da muka hau abin hawa, watau mai tuƙi, musamman wanda ba mu sani ba.

Muna roƙon shugaban kowace ƙungiya ya sa a karanta a hankali, a tsaya a ƙarshen kowane kashi a ji ta bakin jama'a. A kira mata da samari su zauna, gama maganar ta shafe su ƙwarai.

Za mu fara da jirgin sama. Mun sani wani zai yi dariya ya ce, "Malam, ni da ko filin jirgin Katsina ban taɓa leƙawa ba, ina ruwana da matuƙin jirgi?" To, ga dalili. Idan jirgi ya faɗi, masana sukan bi diddigi wata da watanni, su rubuta abin da ya jawo haɗarin filla-filla. Amma idan akori-kura ta kife a hanyar ƙauye, sai a ce ƙaddara ce, a yi jana'iza, a watse. Abin da masana suka gano a jirgi, shi ne yake kashe mu a mota, sai dai mu ba mai rubuta namu. Bari mu ari nasu mu yi karatu.

Kashi na 1: Lasin ba iri ɗaya ba ne

A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama wadda aka kafa tun 1964. Wanda ya shiga irin wannan makaranta ba rana ɗaya yake zama gwani ba, abin hawa-hawa ne. Lasin na farko shi ne na mai tuƙa jirgi don kansa. Bisa ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita, mutum yana iya samunsa bayan ya yi kamar awa 40 a sama. Ku lissafta ku gani, awa 40 kusan aikin mako guda ne a gona lokacin noman fari. Mai wannan lasin yana iya ɗaukar iyalinsa ko abokinsa, amma doka ta hana shi yin haya. Wanda zai yi haya sai ya sami lasin na biyu, wanda galibi ana neman awa 200 kafin a ba shi. Shi kuwa wanda zai shugabanci babban jirgin fasinja, sai ya cika awa 1,500.

Ban da wannan, akwai izini dabam-dabam da ake ƙarawa a kan lasin. Akwai izinin irin jirgin da mutum zai tuƙa, gama wanda ya iya garmar shanu ba shi ne ya iya tarakta ba. Akwai izinin tashi da dare. Akwai kuma izinin tashi cikin gajimare ko hazo, inda matuƙi ba ya ganin kome a waje sai ya dogara ga na'urorin da ke gabansa.

Me ya sa dare da hazo suke bukatar horo na musamman? Kun san yadda yara suke wasan hajijiya. Yaro ya yi ta juyi, in ya tsaya sai ya ga ƙasa tana juya masa, alhali ƙasa tana nan inda take. A can cikin kunnen mutum akwai abin da ke gaya masa ko a miƙe yake ko a karkace. Muddin ido yana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, ido yana gyara wa kunne kuskurensa. In duhu ko hazo ya rufe ido, kunne yakan yi wa mutum ƙarya. Jirgi yana karkata yana gangarawa, matuƙi yana jin daidai yake tafiya. Wanda ba a hore shi ya gaskata na'ura fiye da jikinsa ba, cikin ɗan lokaci kaɗan jirgin yake ƙwace masa.

Idan ka sayi tikitin jirgin kamfani, wasu sun riga sun yi maka tambaya. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA tana duba lasin matuƙi, likita yana duba lafiyarsa, makanikai suna sa hannu a littafin jirgi, akwai dokar awoyin hutu, kuma matuƙa biyu ne a gaba, ɗaya yana lura da ɗaya. A jirgin mutum guda kuwa, yawancin waɗannan masu tsaro ba su nan. Shi ne direba, shi ne kuma alƙalin da zai ce a tashi ko a fasa. Daga waje kuma ba ka iya rarrabewa, gama dukansu da fara'a suke buɗe maka ƙofa.

Ku lura, ƙanƙantar jirgi ba ita ce laifi ba. Dattawanmu sun san ƙananan jiragen mishan na SIM da suka yi aiki daga Jos, da waɗanda suka riƙa sauka a asibitin Galmi a Nijar. Ƙanana ne, amma a bayan matuƙin akwai ƙungiya mai doka, mai makanikai, mai ikon ce masa yau ba za ka tashi ba. Abin tambaya ke nan kullum: wa ke bayan wannan mai tuƙi?

Kashi na 2: Jirage biyu

Ranar 25 ga Oktoba, 2012, gwamnan Jihar Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, ya tashi daga Jalingo zuwa Yola a wani ƙaramin jirgi samfurin Cessna 208. Shi da kansa yake tuƙi, mataimakansa suna zaune tare da shi. Da yamma jirgin ya faɗi kafin ya kai filin jirgin Yola. Ba wanda ya mutu nan take, amma sun ji ciwo, shi gwamnan kuwa ya bugu ƙwarai a ka. Aka kai shi Jamus, aka kai shi Amurka, bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a watan Yuni na 2017. Da hukumar binciken haɗarin jirage ta fitar da rahotonta, ta ce ba shi da izinin tuƙa wannan irin jirgin, kuma ya ci gaba da tafiyar da ake yi da ido bayan rana ta faɗi.

Ba don mu ci mutuncin mamaci muka kawo wannan ba. Mutum ne mai ilimi, mai son tuƙin jirgi, ya kuma yi karatunsa. Abin da muke so ku duba shi ne mutanen da ke zaune a bayansa. Ku sa kanku a matsayinsu. Wane ne a cikinmu zai iya duban maigidansa, balle gwamna, ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ta yi nisa, mu kwana sai gobe"? Girman mutum ba ya ƙara masa awa ko ɗaya a sama, amma yana iya rufe bakin duk wanda ke tare da shi.

Labari na biyu samarinmu masu son ƙwallo sun san shi. Emiliano Sala ɗan ƙasar Ajantina ne, mai shekara 28. A watan Janairu na 2019 ƙungiyar Cardiff City ta Birtaniya ta saye shi daga ƙungiyar Nantes ta Faransa a kan fam miliyan 15. Wasu suka shirya masa ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da zai kai shi Faransa ya yi sallama da abokansa, sa'an nan ya mayar da shi. Bai san matuƙin ba kafin wannan tafiya, ya dai amince da waɗanda suka haɗa su. Suka tashi da daren 21 ga Janairu. Yana cikin jirgin ya aika wa abokansa saƙon murya yana nuna musu jirgin bai kwanta masa a rai ba, yana jin tsoro. Jirgin ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. An sami gawarsa cikin Fabrairu, ta matuƙin kuwa ba a same ta ba.

Bincike ya nuna matuƙin yana da lasin na tuƙa wa kansa ne kawai, ba na haya ba. Ba shi da izinin dare, izininsa na irin wannan jirgin ma ya riga ya ƙare. An kuma tarar da gubar hayaƙin inji mai yawa a jinin Sala, alamar hayaƙi ya riƙa yoyo zuwa inda suke zaune. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18. Ba can kaɗai ake wannan ba. A 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jiragen kansu a Nijeriya domin an same su suna haya da su.

Ku duba, yaron da aka saya fam miliyan 15 ya mutu domin ba wanda ya yi tambayar da ba ta cin ko kobo. Zuciyarsa ta gaya masa akwai matsala, amma a lokacin ƙofa ta riga ta rufe. Tambaya tana da amfani ne tun ƙafarka tana ƙasa.

Kashi na 3: Maƙwabtanmu na Kance

Yanzu mu sauko ƙasa, mu zo kusa da gida. In ka bi hanyar Daura ta Kongolam ka ƙetare iyaka, ka wuce Matamaye, sai Kance, cikin jihar Damagaram. Hausawa ne, manoman gero da wake kamarmu, wasunmu ma akwai auratayya tsakani.

A watan Oktoba na 2013, mutum 113 suka tashi daga Arlit a arewacin Nijar cikin motoci biyu, suna nufin Tamanrasat a Aljeriya neman abin rufin asiri. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ne. Direbobin masu fataucin ƙetarar da mutane ne a ɓoye. Motocin suka lalace a cikin hamada, ruwa ya ƙare, mutane suka warwatsu a ƙafa suna neman rijiya. Da masu ceto suka isa, gawa 92 suka ƙirga kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. An tarar da su ƙungiya-ƙungiya, sau da yawa uwa da 'ya'yanta wuri ɗaya. Mutum 21 ne suka tsira. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana 3.

A 2017 kuma mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, a hanyar Libiya, bayan motarsu ta lalace. Akwai 'yan Nijeriya da 'yan Gana a cikinsu. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana fataucin baƙin haure, direbobi suka koma bin lungunan hamada inda ba rijiya ba sojoji. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Amma ko da doka ko ba doka, hamada ba ta sake hali ba. Cikin zafinta mutum ba ya wuce kwana biyu ko uku ba ruwa.

Motar hamada da jirgin sama abu ɗaya ya haɗa su: ba a cewa "direba tsaya in sauka". Matan Kance ba su san direbobin ba, ba su san lafiyar motocin ba, ba su san jarka nawa ta ruwa aka ɗauka ba, ba su san hanyar da za a bi ba. Dillali suka sani, shi kuwa dillali da ya karɓi la'adarsa ya koma gida ya yi barci. Ba mu ɗora musu laifi ba, gama yunwa ce ta fitar da su, mun kuwa san yunwa. Amma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kashi na 4: Tamu wautar

Kada ku ce muna wa'azi daga kan tudu. Mu ma mun taɓa yi. Wata shekara mu huɗu muka kai riɗin ƙungiya Kano muka sayar. Kuɗin gida goma sha ɗaya yana ɗaure a ƙugun ma'ajinmu. Muka iso tasha da la'asar sakaliya, mota ba ta cika ba. Sai ga wani yaro ya raɗa mana cewa akwai wata ƙaramar mota a bakin titi, mai ita zai wuce Daura, rabin kuɗi zai karɓa. Babban cikinmu ya je ya yi ciniki, muka shiga.

Idon direban ja wur, bakinsa cike da goro, yana ta zuba da ƙarfi kamar mai faɗa. A cikin zancensa muka ji daga Kudu ya taso tun jiya bai runtsa ba. Fitilar motar ɗaya ce ke kamawa. Ba wanda ya ce uffan. Mun wuce Kazaure da kaɗan sai zubar ta tsaya, muka ɗauka ya gaji da magana ne. Ashe barci ne. Mota ta saki titi ta faɗa gona, yashi ne ya riƙe ta bayan ta kwanta a gefe guda. Ɗayanmu ya karye a kafaɗa, bai ƙara ɗaga fartanya da kyau ba sai da damina ta yi nisa. Da asuba direban ya ce zai nemo makaniki. Har yau bai dawo ba. Ba mu san sunansa ba, ba mu rubuta lambar motar ba, ba tashar da za mu kai kuka.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne abin da ya fito bayan mun dawo gida. Ashe dukanmu huɗu mun ga idon nan, dukanmu mun ji maganar rashin barci, kowa kuma yana jira wani ya fara magana. Ƙananan suna jin nauyin babba tun da shi ya yi ciniki. Shi kuma babban yana jin kunyar a ce ya tsorata a gaban yara.

Kashi na 5: Abin da ke rufe mana baki

Na farko kunya. An rene mu kada mu tuhumi wanda ya yi mana alheri, kada kuma mu yi musu da na gaba. Tarbiyya ce mai kyau, amma ba a yi ta domin a kai mu kabari ba. Direban kirki ba ya fushi don an tambaye shi daga wace tasha yake. Wanda ya hasala da tambaya ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu gaggawa. Kasuwa za ta watse, gobe ɗaurin aure, an bar awaki ba mai ba su ruwa. Masana haɗarin jirgi sun daɗe da gano cewa matsuwar "tilas in isa yau" tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan matuƙa da fasinjansu. Mu ma kakanninmu sun gano tun kafin a ƙera jirgi, suka ce sauri ya haifi nawa.

Na uku araha. Motar bakin titi tana da araha domin akwai abin da mai ita bai biya ba: ko kuɗin tasha, ko takardu, ko gyara, ko barci. Abin da bai biya ba, fasinja ne yake biya da jikinsa. Wani lokaci ma ba haɗari ba ne, mugunta ce, gama a manyan birane irin su Abuja ɓarayi suna shiga mota kamar fasinja su ɗauki mutum a bakin titi su yi masa fashi.

Na huɗu shi ne kalmar nan ta "sai abin da Allah ya yi". Gaskiya ce, rai a hannun Allah yake. Amma wane ne a cikinmu ya ƙi yi wa lambunsa shinge ya ce Allah zai hana akuya? Muna shinge, muna sa wa iri magani, muna ɗaure jaki, ba wanda ya kira wannan rashin dogara. Hankalin da muke tsaron albasa da shi, mu tsare ranmu da na 'ya'yanmu da shi.

Kashi na 6: Abin dubawa kafin a hau

1. Wa ya san shi? In ka hau a tasha, 'yan ƙungiyar direbobi sun san motar da mai ita, a tashoshi da yawa kuma ana rubuta sunan fasinja da na ɗan'uwansa a takarda. Wannan takarda ba ɓata lokaci ba ce. In a ƙauye ne, a nemi wanda mai unguwa ko wani dattijo ya san gidansu.

2. Lamba da lasin. A Nijeriya lambar motar haya jan rubutu ce, ta motar gida shuɗin rubutu. Mota mai shuɗin rubutu tana ɗaukar fasinja don kuɗi, ita ce 'yar'uwar jirgin da ya ɗauki Sala. Lasin babur dabam, na ƙaramar mota dabam, na babbar mota dabam.

3. Shi kansa direban. Ku gaisa, ku dubi idonsa, ku ji maganarsa. Ba sai da faɗa ba. Ka ce, "Sannu da hanya, direba. Daga ina aka taso? An dai ɗan huta ko?" Amsar za ta fito cikin hira. Ƙwaya irin su tiramadol, da jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a bakin tasha, ba su korar gajiya, ɓoye ta kawai suke yi har ta faɗo wa mutum gaba ɗaya.

4. Motar. Ku zagaya ta sau ɗaya. Taya ta suɗe? Akwai safaya da jak? Fitilu biyu suna kamawa? A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a jere da ke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319, watau mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar taya tana iya fashewa cikin zafin bazara ko da zanenta bai goge ba.

5. Hayaƙi. Gubar da aka samu a jinin Sala ita ce ke kashe iyali cikin ɗaki in an kwana da janareto a kusa. Ita kanta ba ta da wari ba ta da launi. In salansa ta fashe, kuka ji ciwon kai da jiri da barci sun kama mutane da yawa lokaci ɗaya, a buɗe gilasai, a tsaya, a fita.

6. Lodi. Kada mutum ya hau kan buhuna ko kan katakon da ke bisa shanu a babbar mota. Nauyi in ya yi sama, mota tana saurin kifewa a kwana, wanda ke sama kuwa shi ne farkon faɗuwa, kaya su biyo shi.

7. Lokaci da hanya. Dare da hazon hunturu suna makantar da direba kamar yadda suke makantar da matuƙin jirgi. Direban da ya ce zai bi ta daji don kauce wa jami'ai, ya kauce wa masu ceto ke nan. Mun ga haka a nan lokacin da aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, da mutane suka riƙa hawa baburan da ba su san masu su ba suna bin burtali cikin dare.

8. Wa ya san ka tafi? Ka karanta lambar motar a waya ga wani na gida, a gaban direban, da murya sosai. Mai gaskiya ba zai damu ba. Ku kuma riƙe lambar 122, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, kyauta ake kiranta.

In kuwa wata rana wani babban mutum ya ce wa ɗanku da ke aiki a birni ya zo su tafi a jirginsa, tambayoyin ba su sake ba: wa zai tuƙa, wane kamfani ne ke bayansa, yana da izinin wannan jirgin, da rana za a sauka ko da dare, yaya hazo? In ba amsa, ya yi godiya ya bi mota.

Kashi na 7: Aikin ƙungiya

Abin da ya gagari mutum ɗaya saboda kunya, ƙungiya tana iya yinsa ba kunya, gama doka ce ba mutum ba. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta tattauna waɗannan:

Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya, a rubuta direbobin da muka sani muka kuma gwada, da lambar motarsu da garinsu. In za a kai amfani kasuwa, a haɗa kaya a yi shatar mota ɗaya daga cikinsu, mutum biyu su raka kaya a gaban mota, sauran su bi motar fasinja.

A ware ɗan kuɗin kwana daga asusu. Wakilin da dare ya yi masa a Kano ya kwana, ƙungiya ta biya, kada kuma wani ya ce ya ci kuɗin jama'a. Kuɗin ciniki kuwa a zuba shi a banki tun a kasuwa, kada a ɗaure shi a ƙugu.

A kafa doka: in wakilai suna tafiya tare, ko mafi ƙanƙanta a cikinsu ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da wannan mota ba, duka a sauka, ba gardama, ba ba'a bayan an dawo. Da muna da wannan doka, da ɗan'uwanmu bai karye ba.

Duk saurayi ko matar da ke shirin tafiya Arewa ta hamada, a zauna da su tun kafin su sayar da akuya. A karanta musu kashi na uku. A kuma tambaye su abin da ya kore su, ko ƙungiya tana iya taimakawa da rancen noman rani ko kiwo. Faɗa kaɗai ba ya tsayar da mai jin yunwa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya taɓa hawa mota alhali zuciyarsa tana ce masa kada ya hau? Me ya hana shi magana?
2. Da wane irin lafazi yaro zai gaya wa dattijo, ko mace ta gaya wa mijinta, cewa a fasa wannan mota, ba tare da raini ba? Mutum biyu su tashi su gwada a gaban jama'a.
3. Direbobi nawa muka sani da sunansu da gidajensu? A fara rubutawa yau.
4. A cikinmu akwai masu babur da masu mota. In mu aka yi wa waɗannan tambayoyi takwas, za mu ci jarrabawar?

Ku aiko mana da abin da kuka yanke ta hannun magatakardanku, domin wasu ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Darasi mai zuwa a kan adana wake ne ba tare da maganin guba ba. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya ku tarar da iyali.